Gahawa a Gidan Ubanta: Kwana Tara a Adis Ababa

A ƙasar Hausa, duk wanda ya ce shi mashayin gahawa ne sai ya shirya amsa tambayoyi. Mu goro muka gada, shayi kuma ya zo ya sami wurin zama a teburin mai shayi da zaurukan malamai da majalisun matasa. Abin da akasarinmu muka sani da sunan gahawa shi ne garin nan na gwangwani ko na 'yar leda, wanda mai shayi ke ɗibar rabin cokali ya barbaɗa a kan madara, ko wanda ɗalibi ke kaɗawa a ruwan zafi daren jarrabawa don ya kori barci. Sai kuma ta Larabawa, mai haske da ƙamshi, wadda alhazai ke sha da dabino a Makka da Madina su dawo suna ba da labarinta. Ita kanta kalmar daga Larabci muka aro ta. Saboda haka idan na ce ina da ra'ayi a kan yadda ya kamata a soya gahawa da inda ya kamata a sha ta, na san wani zai ce wannan zancen wanda ya ƙoshi ne. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni, domin a cikin ɗan finjalin nan akwai maganar manomi da dillali, akwai maganar sunan ƙasa, akwai kuma maganar irin wuraren da muke tanada don mu zauna da juna.

Mashaya gahawa a duniya sun daɗe da rabuwa gida biyu. Akwai masu son shagunan manyan kamfanoni masu rassa a ko'ina, irin su Starbucks na Amurka da Costa na Ingila da Tim Hortons na Kanada. Akwai kuma masu yi wa waɗannan shaguna kallon raini, suna cewa abin da ake sayarwa a cikinsu madara ce da sukari aka shafa wa sunan gahawa. Tun ina karatun digiri na uku a Ingila nake sauraron wannan gardama, kowane ɓangare yana kukan gidansu. Ban ga wurin da ya fi dacewa a auna maganar ba kamar Adis Ababa, babban birnin Habasha, domin a can mutum zai iya shan gahawa iri uku a yini guda: ta tulun yumɓu wadda aka gada kaka da kakanni, da ta injin da Italiyawa suka bari, da ta shagon zamani mai rassa.

Taron malaman jami'o'i ne ya kai ni, tare da wani dattijon farfesa wanda ya koyar da ni shekarun baya. Daga Kano muka tashi. Abin da baƙo zai fara ji a jikinsa shi ne tsayin wurin: birnin yana sama da mita 2,300 daga matakin teku, hawa bene biyu kawai ya isa ya sa mutum haki, iskar safiya kuma ta fi ta Jos sanyi. Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taytu suka kafa shi a 1886, sunansa kuma yana nufin "sabon fure" da Amharanci. Mutanen garin suna ƙirga sa'o'i daga wayewar gari, abin da muke kira ƙarfe bakwai na safe su a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, shekararsu kuma wata 13 gare ta. A Sidist Kilo aka yi taron, a harabar Jami'ar Adis Ababa wadda a da fadar Sarki Haile Selassie ce. Tun daga bakin ƙofar jami'ar ƙamshin suyar gahawa haɗe da hayaƙin lubban ke tarar mutum, ya kuma bi shi duk inda ya nufa.

Habasha ce kan gaba a noman gahawa a Afirka, tana kuma cikin ƙasashe biyar na farko a duniya. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne kusan rabin abin da take nomawa a gida ake shanye shi. Kokon da ake nomawa a Afirka ta Yamma akasarinsa ficewa yake yi, ya dawo mana cakulan a cikin takarda mai ƙyalli. Bahabashe kuwa shi ne mai noman, shi ne kuma mai shan. Wannan ya sa ba a iya yi masa wayo a kan ɗanɗano.

Finjali na farko a bakin titi na sha shi. A kusan kowane lungu za ka tarar da mace zaune da kurfoti da 'yan ƙananan kujeru, ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, turaren wuta yana tashi a gefenta. A wasu wuraren an rubuta "Nu buna tetu", wato "ku zo ku sha gahawa", domin buna suke kiranta. Tukunyar dahuwar sunanta jebena, wani baƙin tulun yumɓu ne mai ƙaton ciki da dogon wuya. Ma'aikacin banki da direban tasi da ɗalibi kan kujera iri ɗaya suke zama, gwiwa tana gugar gwiwa. Wasu sukan tsoma wani ɗan ganye mai ƙamshi da ake kira tena adam a cikin finjalin. Kuɗinta kaɗan ne, wanda ma'aikacin yini zai iya biya sau biyu ko uku a rana bai ji a jikinsa ba.

Cikakkiyar al'adar kuwa a gidan wani abokin aiki na gan ta, ranar Lahadi bayan cin abinci. Ƙanwarsa ce ta zauna gaban wuta cikin farar riga ta saƙi. Ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, masu launin kore-kore, ta zuba su a faffaɗan kaskon ƙarfe tana juyawa har suka fara ƙara suna yin duhu suna fitar da maiƙo. Ta ɗauko kaskon ta zagaya da shi gaban baƙi, kowa ya sa tafin hannu ya jawo hayaƙin zuwa hancinsa ya yaba. Daga nan ta daka a ƙaramin turmi, ta zuba garin a jebena, ta bari ya tafasa, ta sauke ta jingine shi a karkace don garin ya kwanta. Sannan ta ɗaga tulun sama ta tsiyaya a jere cikin finjalai marasa mariƙi, ba tare da ta katse zubin ba. Farfesa aka fara miƙa wa, da yake shi ne babba. Ga gugguru da soyayyen sha'ir a faranti. Sau uku ake zagayawa da garin nan guda, ana ƙara ruwa: zagayen farko abol, na biyu tona, na uku baraka, wanda Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. Tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Mun fi sa'a guda a zaune.

Duk wanda ya taɓa zama da Buzaye a Agadas ko Tawa ya sha shayinsu mai zagaye uku zai gane abin da ake nufi nan take. Abin sha hujja ce kawai ta riƙe mutane a wuri guda har maganar da ke cikinsu ta fito. Mai masaukinmu ya ce a unguwar da ya tashi, mata maƙwabta karɓa-karɓa suke yi, yau gidan wannan gobe gidan waccan, a aiki yaro ya kira sauran. A nan ake jin wa ba shi da lafiya, wa ke neman bashi, wa ya saɓa da wa. A wasu yankunan karkara, in ji shi, gishiri ko man shanu ake sakawa maimakon sukari.

Tarihi ya nuna tun asali haka gahawa take da mutane. Itacen arabika a dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha yake fitowa da kansa, a yankuna irin su Kafa. Labarin makiyayin da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan itacen, wanda ake kira Kaldi, almara ce da aka fara rubutawa a Turai a 1671. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Sufayen Yaman suna shan ta a ƙarni na 15 don su iya raya dare, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Moka ta bazu a duniya. A 1511 aka taɓa hana shan ta a Makka, kafin daga baya a ɗage hanin. Wajen tsakiyar ƙarni na 16 gidajen gahawa suka buɗe a Santambul, a 1652 aka buɗe na farko a Landan. A 1675 Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su saboda zancen siyasar da ake yi a ciki, cikin 'yan kwanaki ya janye. Shahararriyar kasuwar inshorar nan ta Lloyd's daga gidan gahawa ta samo asali. Masu mulki ba su taɓa jin tsoron abin da ke cikin finjali ba, taron da ke kewaye da shi ne ke hana su barci.

Finjali na biyu a Piyasa na sha shi, tsohuwar unguwar kasuwanci mai gine-ginen zamanin da. Italiya ta mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941. Ba ta iya riƙe ƙasar ba, amma ta bar taliya da injin esfireso, wanda ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin lallausan garin gahawa cikin daƙiƙu kaɗan. A nan shagon Tomoca na farko yake, wanda aka kafa a 1953. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai katakon da ya sha hannu, da dogayen tebura, ba kujera. Ka biya kuɗi, a ba ka shaida, ka miƙa wa mai injin, ka sha a tsaye. Abin da kowa ke nema shi ne makiyato, wato esfireso da 'yar madara mai kumfa, a cikin ƙaramin kofin gilashi inda baƙi da fari suke kwance hawa-hawa. Na tsaya kusa da wasu dattawa masu kwat suna gardama a kan jarida, kowa ya gama nasa cikin minti biyar ya kama gabansa. Habashawa sun karɓi injin baƙo sun sa shi aiki da gahawarsu da ɗanɗanonsu, har ya zama nasu. Tun bayan ziyarata, a 2024, an rushe ɓangare mai yawa na Piyasa a aikin faɗaɗa tituna da sabunta birni. Duk wanda ya san unguwar zai ji abin a ransa, domin irin waɗannan wurare shekaru ne ke gina su.

A rana ta huɗu Farfesa ya gaji da yawona. Ya ce, "Dokta, ni fa gwiwata ba ta shiri da 'yan kujerun nan naka, tsayuwa kuma ta fi ƙarfina. Kai ni inda zan zauna in buɗe kwamfuta in gyara takardata." Na ce, "To ranka ya daɗe, sai mu nufi Bole." Nan muka shiga wani reshe na Kaldi's, kamfanin da wata 'yar kasuwa mai suna Tseday Asrat ta kafa a 2004, wanda yanzu yake da rassa da dama a birnin. Tambarinsa kore ne mai da'ira, duk wanda ya san na Starbucks zai yi murmushi in ya gan shi, ga shi kuma shi Starbucks ɗin ba shi da shago ko ɗaya a Habasha. Wuri ne mai faɗi da tsabta, da kujeru masu taushi da ma'aikata masu kai wa mutum har tebur. Na ga 'yan mata biyu suna bitar darasi, na ga wata mata ita kaɗai tana aiki ba mai damun ta, na ga matasa suna lissafin wata sana'a a kan takarda. Makiyaton da aka kawo mana ba shi da makusa.

Farfesa ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Kai ɗanɗano kake bi, ni kuwa tabbas nake nema. In na sauka a garin da ban san kowa ba, ina son ƙofar da na san abin da ke bayanta: nawa zan biya, ina makewayi, ko akwai wurin cajin waya. Ka kuma dubi yaran can. A majalisar mai shayin unguwarku, 'yarka za ta iya zama ta yi karatu?" Maganarsa tana da nauyi, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare shagunan kamfani suke da ita. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Ray Oldenburg, a littafinsa na 1989, ya yi bayanin bukatar mutum ga "wuri na uku", wanda ba gida ba kuma ba wurin aiki ba. A biranenmu irin wannan wuri kusan na maza ne zalla. Shagon da mace za ta shiga da littafinta ta zauna sa'a biyu cikin mutunci ya yi wani aiki da ya kamata a yaba.

Starbucks a kan wannan tunani ya ginu. A 1971 aka buɗe shi a Siyatil, yana sayar da 'ya'yan gahawa. A 1983 Howard Schultz ya je Milan ya ga yadda Italiyawa ke tsayawa a shagunan unguwa suna shan esfireso suna gaisawa, ya koma gida da niyyar dasa wannan al'ada a Amurka. Yau kamfanin yana da shaguna sama da 30,000 a duniya. Amma sai a 2018 ya buɗe na farko a Italiya, ƙasar da ya kwaikwaya. A Ostireliya, inda baƙi 'yan Italiya da Girka suka riga suka kafa ƙananan shaguna masu inganci, ya rufe shaguna 61 a 2008. Darasin a bayyane yake: inda mutane suke da tasu al'adar mai ƙarfi, babban kamfani sai ya yi sallama kafin ya shiga.

Inda na rabu da Farfesa shi ne a kan abin da ke cikin kofin. Kamfanin da ya yi alkawarin ɗanɗano ɗaya a dubban shaguna, rani da damina, dole ya gauraya gahawar ƙasashe da yawa, kuma hanya mafi sauƙi ta daidaita su ita ce a tsananta suya. Bahaushe ya san wannan a gyaɗa: in aka soya ta daidai, gardinta ke fitowa har ka bambance ta wannan gona da ta waccan, in ta wuce wuta, duk ƙauri ɗaya suke yi. Haka gahawa take. Suya mai duhu tana kashe ɗan tsamin 'ya'yan itace da ƙamshin da ƙasa da tsayin wuri suka ba ta, ta bar ɗaci. Ɗacin nan kuma shi ne ke iya ratsa madara mai yawa, shi ya sa kofunan suke ta girma, ana ƙara musu zaƙi kala-kala. A shekarun da na yi a Ingila na zauna a irin waɗannan shaguna ba adadi, na rubuta babi-babi na kundina a cikinsu saboda ɗumi da intanet, ina kuma gode musu. Amma abin da nake biya kuɗin hayar kujera ne, kuma ban taɓa fita ina tuna ɗanɗanon abin da na sha ba.

Ni dai ga zaɓina. Na fi son arabika a kan robusta, wadda ta ninka ta a sinadarin kafeyin mai hana barci, ta kuma fi ta ɗaci, ita ce ma aka fi yin garin gwangwani da ita. A cikin na Habasha, ta Yirgacafe ce ta fi kwanta mini, wadda ake ɓare ɓawonta a wanke kafin a shanya: ba ta da nauyi, tana da ƙamshin fure da ɗan tsami mai kama da na lemo. Ta Harar kuwa da ɓawonta ake shanya ta a rana, sai ta fito da zaƙi mai nauyi kamar busasshen 'ya'yan itace. Ina son suya matsakaiciya, a niƙa a lokacin da za a dafa, domin garin da ya kwana a buɗe ƙamshinsa ya tafi. Ba na sa madara sai a makiyaton safe, sukari kuma ɗan kaɗan ko babu. Ina son finjali ƙarami na tangaran, ba kofin takarda da ake tafe ana zuƙa ba. Wanda ya saba da baurin goro ba zai ji tsoron ɗacin gahawa ba. Amma abincin wani gubar wani, kuma ba zan ce wanda ke son tasa da madara da zuma ya yi laifi ba.

Da a ɗanɗano maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani a shagon. Akasarin gahawar Habasha ƙananan manoma ne ke noma ta, ana kuma ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 15 ne rayuwarsu ta dogara a kanta. Itacen yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Da hannu ake tsinke nunannun ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an tara kilo biyar zuwa shida na ɗanyun 'ya'ya kafin a sami kilo guda na busasshiyar ƙwaya. Kilo guda na soyayya kuwa yana iya ba da esfireso sama da ɗari. Mai karatu ya auna da kansa: abin da ake biya a kofi ɗaya a Landan, akasarinsa na haya ne da albashi da madara da talla da riba, abin da ke komawa ga mai gona ɗan ƙanƙane ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan rushewar tsarin ƙayyade kason fitarwa na yarjejeniyar gahawa ta duniya a 1989, farashi ya zama sai yadda kasuwannin Niyok da Landan suka yi da shi, a 2001 ya faɗi ƙasa warwas. A yankin Harar manoma da yawa sun tumɓuke gahawa sun dasa cat, ganyen nan da ake taunawa, domin shi ana girbarsa fiye da sau ɗaya a shekara kuma kuɗinsa a hannu yake.

Wannan ne ya sa Habasha ta tashi neman mallakar sunayenta. A 2005 ta nemi a yi mata rajistar Sidamo da Harar da Yirgacafe a matsayin tambarin kasuwanci a Amurka, domin duk mai sayar da gahawa da waɗannan sunaye ya zama da izininta yake yi. Aka sami turjiya. A 2006 ƙungiyar Oxfam ta ƙaddamar da gangami tana zargin Starbucks da hannu a cikas ɗin, tana cewa manoman za su iya samun ƙarin dala miliyan 88 a shekara. Kamfanin ya musanta zargin, ya ce shi yana ganin wata hanyar ba da shaidar asalin yanki ta fi dacewa. A shekarar ce kuma fim ɗin Black Gold ya fito, wanda ya bi Tadesse Meskela, shugaban haɗakar ƙungiyoyin manoman gahawa na Oromiya, yana yawon nema wa mutanensa farashi mai kyau. A watan Yunin 2007 ɓangarorin biyu suka sasanta, kamfanin ya amince da mallakar Habasha a kan sunayen. Wannan bai mayar da manomi attajiri ba, amma ya kafa hujja guda: sunan wuri dukiya ne, kuma mai wurin ne ya fi cancanta da shi.

Mu ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Ƙarnuka da dama fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana ƙetare Sahara a kan raƙuma, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, a can a kira ta fatar Maroko. Majeminmu ya yi aikin, wani ya ɗauki sunan. Yau cittar Kudancin Kaduna da zoɓo da riɗi suna fita buhu-buhu, su shiga cikin kayan wasu ba tare da an ambaci inda suka fito ba. Kai, ita kanta gahawar muna da ita: a tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, sanyi da tsayin wurin sun karɓi arabika kamar yadda suka karɓi ganyen shayi. Nomanta ya ja baya, musamman bayan da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 manomi ya rasa tabbataccen mai saye. Sai ga shi muna shigo da garin gwangwani, mutumin Gembu kuma yana da itacen a bayan gidansa.

Shagunan gahawa na zamani suna ta buɗewa a Abuja da Kano da Kaduna, matasanmu kuma suna cika su. Ba na cikin masu cewa a guje su. Farfesa yana da gaskiya, muna bukatar wuraren da ɗalibi da ɗaliba za su zauna cikin natsuwa. Abin da na gani a Adis Ababa shi ne shagon mai rassa ya zo ya tarar da mai jebena a bakin titi, bai kore ta ba, ita ma ba ta ji kunyar tulunta ba. Mutum ɗaya zai sha a wurinta da safe, ya je can da yamma, kuma a duka biyun gahawar ƙasarsa yake sha. Abin da nake fata ga masu buɗe irin waɗannan shaguna a wurinmu shi ne su hau Mambila su nemi manoma, su saya da farashin da zai sa a sake dasa itacen, su rubuta sunan ƙauyen a jikin allo. Masu tsara birane kuma su tuna teburin mai shayi shi ne gidan gahawar talaka, kada a share shi da sunan gyaran titi ba tare da an ba shi wani wuri ba. Mu kuma masu sha, akwai tambaya mai sauƙi da za mu riƙa yi wa mai shago duk lokacin da ya ajiye mana kofi: wannan gahawar daga ina take? Ranar da masu tambayar suka yi yawa, dole ya je ya nemo amsa, kuma hanyar neman amsar ta ƙofar manomi za ta bi.